Wane gam ne ke riƙe rodi a cikin katako?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ga mu a shago, nan kusa da Kasuwar Katako a Jos. Idan ka huda katakon da zai ɗauki nauyin rufi ka zura masa rodi, me zai riƙe shi?

Farin gam ɗin nan namu na kafintoci, ku ajiye shi gefe. Sai itace ya tsotse ruwansa yake kamawa, ƙarfe kuwa ba ya shan ruwa. Na taɓa gwadawa ina yaron shago. Bayan kwana uku maigidana ya zaro rodin da hannu ɗaya, gam na ɗiga kamar koko. Shi ma mai kumfa na kwalba ɗaya, kumbura yake yi, cikinsa duk iska.

Gam ɗin da ake kira efoksi, na gine-gine, za ku nema, mai gwangwani biyu: ɗaya gam, ɗaya maganin daskarewa, sai a haɗa su. Yana cika rata, kuma ba ya tsukewa sosai in ya daskare. Awon da aka rubuta a jiki shi za ku bi. Masu ƙara maganin daskarewa wai don ya yi sauri, ɓata shi kawai suke yi.

Yaro, miƙo min rodin can. Kun ga zarensa irin na noti? Nan gam ke samun wurin cizo, santalelen ƙarfe zamewa yake. A kankare tsatsa da burushin waya, a goge maiƙo da tina, ruwan nan na tsinka fenti. Ban da kananzir, don shi ma maiƙo yake bari. Ramin ya fi rodin faɗi da milimita 2 zuwa 4, a hure ƙurar tas. Sai ku huda ƙananan ramuka biyu a gefen katakon da za su haɗu da ramin rodin, ɗaya ƙasa ɗaya sama, ku ɗura gam ta ƙaramin ramin ƙasa, har ku ga ya leƙo ta na sama, alamar iska ta fita ke nan.

Ɗanyen katako kuma a'a. Danshinsa kada ya wuce kashi 15 cikin 100.

Sai sanyinmu na Jos. A Disamba da Janairu efoksi jinkirin daskarewa yake yi, kada ku ɗora masa nauyi washegari don samansa ya yi tauri. Zafi ma abin dubawa ne: wasu kan fara laushi daga digiri 50 zuwa 60, kuma ƙarƙashin kwano da rana ba wasa ba, don haka ku karanta takardarsa. Kaurin rodi da zurfin rami kuwa lissafin injiniya ne.

To yaro, kawo sirinjin mu ɗura su gani.