Iyafis na Dala Dubu Biyu: Ina Kuɗin Ya Tafi?

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan iyafis da kuke gani sunansa 64 Audio U12t, kuma kuɗinsa kusan dala dubu biyu ne. Ba shi da Bluetooth, ba shi da batir, ba a cajinsa. Kebur ne kawai da 'yan kawuna biyu da ake cusawa a kunne. Masu harkar sauti suna kiran irinsa IEM (in-ear monitor), wato abin sauraro da ke toshe ramin kunne. Yau za mu leƙa cikinsa, mu ga abin da ake saye da wannan maƙudan kuɗi.

Tun asali ba don shaƙatawa aka ƙera shi ba, kayan aiki ne. A da, mawaƙa a kan dandamali suna jin kansu ne ta lasifikokin da ake jerawa a ƙasa a gabansu, kowa na neman a ƙara masa murya, har abin ya zama hayaniya mai lalata kunne. A 1995, Jerry Harvey, injiniyan sauti na ƙungiyar kiɗa ta Van Halen a Amurka, ya haɗa wa makaɗin gangunansu wani iyafis daidai da siffar kunnensa, da ƙananan lasifika biyu a ciki. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali, wanda Logitech ya saya a 2008. Da masu son sauraro suka ga abin da mawaƙa ke sawa, sai suka ce su ma a ba su.

To, me ke ciki? Ƙananan lasifika ne, kuma iri biyu suka fi yawa.

Na farko shi ne dainamik, irin wanda ke cikin rediyo da mota, sai dai an ƙanƙanta shi. Akwai maganaɗisu, da siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe, da wata 'yar fata. Idan lantarki ya bi ta wayar, fatar sai ta riƙa kai da komo tana tura iska, tamkar fatar ganga idan an buga ta. Da yake yana tura iska da yawa, bes ɗinsa, wato sauti mai kauri na ƙasa, yana da nauyi, har mutum ya ji kamar dukan na taɓa shi.

Na biyu ana ce masa BA, wato balanced armature. Shi wannan daga na'urar taimaka wa masu matsalar ji aka aro shi, shi ya sa har gobe manyan masu ƙera shi su ne Knowles na Amurka da Sonion na Denmak. A cikin ɗan akwatin ƙarfe akwai wani siririn harshen ƙarfe da ke tsaye tsakanin maganaɗisu biyu. Lantarki na shiga sai ya yi rawa, rawar ta motsa wata fata ƙarama. Ƙanƙantarsa ce ta sa ake iya jera da yawa a kunne ɗaya, a raba musu aiki: waɗannan su ɗauki bes, waɗancan muryoyi, wasu kuma siraran sautuka na sama. Shure SE846 yana da huɗu. Andromeda na Campfire Audio ya yi suna da biyar. U12t ɗin nan namu yana da 12 a kowane kunne, yayansa U18t kuwa 18. Wasu kamfanoni suna gauraya iri biyun, kamar yadda Sony ya yi a IER-Z1R.

A nan ne masu talla suke kama mutane. Ana nuna maka lamba, zuciyarka ta ce 18 ya fi 5, 5 kuma ya fi 1. Amma Sennheiser IE 900, wanda ya fito a 2021 a kan sama da dala dubu, lasifika ɗaya tak gare shi, mai faɗin milimita 7. A kasuwa kuma akwai masu araha da aka cika wa ciki da lasifika barkatai, ka saka su ka ji murya na soka maka kunne. Yawan lasifika na ƙara wahalar aiki ne, domin sai an daidaita su kada wani ya danne wani.

Abin da ake biya da gaske shi ne saitin sauti. Ku saurara da kyau, don wannan ne jigon bidiyon. Idan kana jin magana a ɗaki, ganyen kunnenka da ramin kunnen suna ƙara wa wani sashe na sautin ƙarfi, wajen hez dubu 3 (hez shi ne ma'aunin kaifin sauti), kuma ƙwaƙwalwa ta saba da hakan tun haihuwa. Da zarar an toshe ramin da iyafis, wannan ƙarin ya canza, dole mai ƙerawa ya mayar da shi da kansa. In ya gaza, murya ta dushe kamar daga bayan ƙofa ake magana. In ya zarce, ta zama ihu. Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman sun yi shekaru suna gwada masu sauraro ba tare da sun ga abin da ke kunnensu ba, suka fitar da wani ma'auni na irin saitin da akasarin mutane suka fi so. Ba kowa ya yarda da shi ba, ni ma ina ganin muryoyinsa sun ɗan yi kaifi, amma ya ba kowa abin aunawa.

Kamfanonin Sin kuwa ba su yi wasa da wannan dama ba. Moondrop na birnin Chengdu ya fitar da Chu a 2022 a kan kusan dala 20, da saitin da a baya akasari sai a masu tsada ake samu. Tun daga lokacin tazarar ta ragu sosai. Mai tsada har yanzu ya fi rarrabe kayan kiɗa da ingancin jiki, amma ninka kuɗi sau ɗari ba ya ninka daɗi sau ɗari.

Sai kuma abin da aka fi rainawa: 'yar robar da ke baki. In ba ta toshe kunne ruf ba, iska za ta zurare, bes ya ɓace, iyafis na dala dubu biyu ya koma kamar na bakin titi. Gwada duk girman da ke cikin kwalin, kuma kada ka yi mamaki idan kunnen dama da na hagu suka buƙaci girma daban. Akwai na roba, akwai na soso da ake matsawa kafin a saka. Mai hali kuma yakan je wurin ƙwararren kunne a ɗauki siffar ramin, a ƙera masa nasa shi kaɗai. Illarsa, in ya gaji da shi, da wuya ya samu mai saye.

Kebur na azurfa mai tsada? Ajiye kuɗinka. Abin dubawa shi ne ya zama mai cirewa, mai mahaɗin da ake kira MMCX ko mai fil biyu, don in ya tsinke ka sauya shi kawai. Wayar da ba ta da ramin iyafis kuma, ɗan mahaɗin USB-C mai kyau ya wadatar da yawancinsu. Ka dai riƙa goge dattin kunne daga bakin, domin yakan toshe ragar har gefe ɗaya ya yi ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), kuma da ƙarar ta ƙaru, lokacin raguwa yake da sauri. Tunda IEM yana tare hayaniyar waje, babu dalilin ƙure murya a cikin mota ko kasuwa. Amma wannan toshewar tana nufin ba za ka ji hon ba, don haka cire shi kafin ka hau babur ko ka tsallaka titi.