Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi, Daga Shugaban Makarantar Firamare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Sakataren Ilimi, Dagaci da masu unguwanni, Malam Liman, iyayen yara maza da mata, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, ka baro fada ana tsakiyar damina, ka ratso hanyar da ruwa ya ci domin ka ga 'ya'yanka. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Kukanmu na yau a kan kunne yake. Kurma sananne ne, an san maganar hannu, an san makarantar Tudun Maliki a Kano. Yaran da muke nufi daban ne. Idan ka kira su za su waiwayo, ko a asibiti aka gwada su, sau da yawa sai a ce kunne ƙalau. Matsalar tana wajen yadda ƙwaƙwalwa ke tsintar magana daga cikin hayaniya, ta jera ta daidai.

Ga yadda abin yake a aji uku. Malama ta ce a ɗauko littafin lissafi, a buɗe shafi na bakwai, a yi tambaya ta farko da ta uku. Yaro ya ɗauko littafin, shi ke nan ya tsaya yana leƙen na kusa da shi. Sauran maganar ta zube masa kamar ruwa a kwando, bai ma tantance bakwai aka ce ko takwas ba. Idan ruwa ya sauka a kan kwanon ajin nan da ba shi da silin, ranar ta tafi. Da yamma kuma ya je makarantar allo, inda kowa ke ɗaga murya lokaci guda. A gida a ce kunnen ƙashi gare shi, a makaranta a ce daƙiƙi ne, bulala ta biyo baya. A ganina, ranka ya daɗe, zalunci ne, ko da ba da gangan ba.

Abin da ba ya cin kuɗi mun fara. Muna zaunar da su a gaba, nesa da taga. Malami ba ya magana yana fuskantar allo. Umarni ɗaya ake bayarwa, yaro ya maimaita, sannan a ba da na biyu, a kuma rubuta shi.

Sai dai ba mu da hurumin cewa wannan matsalar ƙwaƙwalwa ce, wancan ciwon kunne. Ƙyanda, sanƙarau da kunne mai zubar da mugunya duk suna rage ji, kuma dattawanmu ba su manta annobar sanƙarau ta 1996 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara ana iya kare shi. Don haka muna roƙo ka sa baki a turo ma'aikatan lafiya su duba kunnuwan yaranmu, wanda abinsa ya fi ƙarfinsu a tura shi Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Muna roƙon silin, ko da a azuzuwa biyu ne. Iyaye kuma su ji daga bakinka cewa a kai yara rigakafi, a daina ɗiga man ja ko sa tsinke a kunne.

Idan ka yarda, bayan addu'a Malamar aji uku za ta gabatar da gajeren darasi a gabanka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya maida ku gida lafiya.

Wassalamu alaikum.