Farautar Hayaniya a Na'urorin LIGO: Ba a Kama Mai Laifi da Zato

Jama'a, assalamu alaikum. LIGO na'urori biyu ne a Amurka, ɗaya a Hanford, ɗaya a Livingston, masu kama igiyar jan nauyi, wato rawar da sararin samaniya kansa ke yi idan manyan abubuwa masu nauyi suka motsa. Kowace tana da hannu biyu masu tsawon kilomita 4, inda hasken leza ke kai-komo tsakanin madubai. Igiyar jan nauyi da suka fara kamawa ranar 14 ga Satumba, 2015, ta motsa madubin da abin da bai kai girman furoton guda ba, wato ɗan ƙwayar da ke tsakiyar atam. Abin da ke jin wannan, to zai ji komai.

Shi ya sa aka kewaye su da ma'aunan girgizar ƙasa, makirufo, ma'aunan maganaɗisu, na iska da na rediyo. Abin dubawa na farko shi ne saurin bugun hayaniyar. In sau 60 ne a daƙiƙa, wutar lantarkin Amurka ce; a Virgo, irin wannan na'ura da ke Italiya, sau 50 ne. In bugu ɗaya ne cikin daƙiƙa biyar zuwa goma, raƙuman teku ne. A Livingston jirgin ƙasa da masu saran itace ma suna shigowa.

To amma ku lura, don makirufo ya ji ƙara a lokacin da na'urar ta yi tsalle, wannan zato ne kawai. Sai an ƙirƙiri hayaniyar da gangan: a kunna lasifika, a manna injin girgiza a jikin bututu, ko a sa wuta a naɗin waya don ya haifar da maganaɗisu. A ƙara ƙarfi har ya zarce na yau da kullum, a auna nawa ya ratsa, sannan a matsa wani wuri a maimaita. Inda ya fi ratsawa, nan ƙofar take. Sau da yawa ƙofar ita ce ɗan hasken da ya kauce, ya bugi bango mai rawa, ya komo cikin hasken asali.

A 2017 aka riƙa ganin wasu tsalle-tsalle a Hanford, makirufon da ke ƙarshen hannu ɗaya kuma yana jin su. Da aka je, sai ga ƙanƙara ta taru a bututun ruwan naitirojin a waje, da alamun saran bakin tsuntsu a jikinta. Ashe hankaki ne, zafin hamada ya koro su suna saran ƙanƙarar. Duk da haka ba a yanke hukunci ba sai da aka ƙwanƙwasa bututun da hannu, aka ga irin tsallen nan ya sake fitowa a na'urar.