Darasi: Yadda ake ɗiban jinin dunduniyar jariri a kan kati

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan jinya da unguwar zoma, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu ɗibi jinin dunduniya, wanda ake ɗigawa a kan kati a aika dakin gwaji. Safar hannu, auduga, sifirit, duk kun san waɗannan, ba sai na tsaya ba. Wannan jaririyar kwananta biyu, mahaifiyarta ta yarda mu ɗauki hoto. Sannu maman jaririya, Allah ya raya.

Wani likita ne a Amurka, Robert Guthrie, ya fito da wannan dabarar ta kati a farkon shekarun 1960, saboda wata cutar gado da ake kira PKU, wadda take taɓa ƙwaƙwalwar yaro in ba a gano ta da wuri ba. Mu nan abin da ya fi damunmu sikila ne. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar masu ita, an ƙiyasta kusan 150,000 duk shekara. Kuma jaririn da aka haifa da sikila lafiya lau za ki gan shi, ɓul-ɓul, don har yanzu jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi. Sai wajen wata shida hannu da ƙafa su fara kumbura. In aka gano tun yanzu, ana fara ba shi fenisilin tun yana wata biyu zuwa uku, a kula da rigakafinsa, a kare shi daga zazzaɓin cizon sauro.

To, maman jaririya, ɗan rungume ta a ƙirji, ƙafar ta sauko ƙasa. In kina shayar da ita ma ya fi, kukan ba ya yawa. Ni nakan ɗumama ƙafar da tafin hannuna na 'yan mintuna. Wasu suna sa tsumma mai ɗumi, ban hana ba, amma ni tsoron ƙuna nake.

Ga inda nake so ku buɗe ido. Gefen dunduniya ake hudawa, ko ta ciki ko ta waje. Ba tsakiya ba, ba can baya wajen lanƙwasa ba, domin ƙashi yana kusa, kina iya jawo wa yarinya ciwon ƙashi. Zurfin kada ya wuce milimita 2. Shi ya sa na fi son allurar hudar nan mai maɓalli, wadda take komawa da kanta. Ta ɗan fi tsada, amma wallahi ta biya kuɗinta. Ku matsa wa mai kula da sito ya samo muku.

Na goge da sifirit, yanzu sai in... a'a, tsaya, ban bari ya bushe ba. Kun ga ni ma? In sifirit ya haɗu da jinin, ya lalata shi. Yauwa, ya bushe. Bismillah. Yi haƙuri 'yar baba, an gama.

Ɗigon farko a share shi da busasshiyar auduga. Ki jira na biyu ya taru ya yi girma, sannan ki kawo katin ya taɓa jinin, kada ya taɓa fatar. Akwai da'irori da aka zana a katin, ɗigo ɗaya, da'ira ɗaya. Juya bayan katin ki duba, dole jinin ya ratsa har baya. In bai cika ba, kada ki ƙara wani a kansa, tafi da'ira ta gaba. Kuma kada ki yi ta matsar ƙafar kamar kina tatsar saniya, ruwan jiki zai gauraye da jinin. Ki saki, ki ɗan dakata, zai zo.

Shanyawa kuwa, nan na taɓa shan kunya. Ina sabuwar fara aiki, da damina, na ɗibi na yara da yawa, na zuba katunan a leda don kada ruwa ya taɓa su, ni a dole mai tsafta. Duk aka dawo mana da su. Sai da muka bi iyaye gida-gida, wata kaka ta ce ba za a sake huda mata jika ana tsakiyar shirin suna ba, kuma da gaskiyarta. Don haka a kwance za ki ajiye kati, a inuwa, awa uku zuwa huɗu. Ba rana, ba kusa da wuta, kada wani ya hau kan wani. Ya bushe, sai ambulan na takarda.

Na manta ban ce ba, ki tambaya ko an yi wa jaririn ƙarin jini. In an yi, rubuta a katin, don jinin wani za a gani.

In dakin gwajinku yana duba sinadarin tayirod (wata ƙwaya da ke gaban wuya) da wannan katin, a tabbata jariri ya wuce awa 24 kafin a ɗiba. Wannan sakamakon ba ya jira, in ya nuna tayirod ba ta aiki yadda ya kamata, ana so a fara magani cikin makonni biyu na farko, in ba haka ba ƙwaƙwalwar yaro ce za ta taɓu.

Lambar waya ki karɓi biyu, ta uba da ta uwa, ki tambayi inda za ta yi wankan jego, don da yawa gidan iyayensu suke tafiya. Maman jaririya, ke a ina za ki yi naki? To, ba ni lambar gidan. Darasi na gaba za mu ga yadda ake yi wa iyaye bayanin bambancin AS da SS.