Amsoshin tambayoyinku: "To me ya kai ta?"

Mai gabatarwa: Jama'ar Zazzau barkanmu da warhaka, saƙonni sun taru kan maganar fyaɗe, lokaci kuma ba yawa, yau ina tare da Sista ma'aikaciyar jinya da kuma Barista. Na farko daga Samaru, wai namiji ma ana yi masa? Ana yi, musamman yara ƙanana, su ma shiru ake sa su yi. Na biyu daga Kwarbai gaisuwa ce har layi goma, Baba mun gode amma yau ba ranar gaishe-gaishe ba ce.

To ga wadda ta fi yawa, Tudun Wada, Sabon Gari, Gyallesu, duk magana ɗaya. Wani ya rubuto: "Malam ku faɗi gaskiya, in ba shigar banza da yawon dare ba me zai ja namiji?" Haba ɗan'uwa! Yarinya 'yar shekara shida da aka ɗora wa farantin gyaɗa wace shiga ta yi? A 2020 ɗalibar da aka yi wa fyaɗe a Benin har ta rasu, cikin coci take tana karatu, ta Ibadan kuma a gidan iyayenta aka same ta, abin da ya sa gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a watan Yuni ke nan. Kuma galibi ba baƙo ne ke yi ba, maƙwabci ne, mai shagon layi ne, wani sa'in kawu ne da ake ci kwano ɗaya da shi. Ni dai a ganina masu cewa me ya kai ta, su ne ke ba mugu mafaka ko ba su sani ba. A Suratun Nur, kafin ayar da ta yi wa mata maganar sutura, maza aka fara cewa su runtse ido. Maza aka fara da su, in maimaita. Barista?

Barista: To ka san a jihar Kaduna an gyara dokar final kod, wato kundin hukunta laifuka, a Satumban 2020, El-Rufai ya sa hannu, wanda aka kama da laifin yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe, dandaƙa ce da kisa, in ta haura 14 dandaƙa da ɗaurin rai da rai, sannan ga dokar VAPP ta tarayya mai hana cin zarafin mutane tun 2015, wato lokacin ma an yi ta muhawara...

Mai gabatarwa: Barista laifin wa ne aka tambaya, kar ka karanta mana kundin duka.

Barista: Na wanda ya yi ne mana. Ko a Malikiyya wadda aka tilasta babu haddi a kanta, shi ne zai sha hukunci kuma ya biya ta sadaki. Matsalarmu a kotu shaida ce, sai iyaye su janye ƙara don gudun surutu.

Mai gabatarwa: Yauwa, ga shi kuwa wata uwa da ba ta sa suna ba, ta ce an lalata mata 'ya, dangi sun ce a rufa asiri kar ta rasa mijin aure, a yi sulhu a gida. Mama Allah ya ba ki haƙuri, amma asirin wa ake rufawa? Sista yi mata bayani.

Sista: Mama kar ki jira taron dangi. Akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba nan Ƙofar Gayan, don irin wannan aka buɗe ta. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai cikin awa 72 yake aiki, kwana uku ke nan. Kuma kar a yi mata wanka, kar a gasa ta da ruwan zafi yadda ake yi, kar a wanke kayan jikinta, a naɗe su a takarda ba a leda ba a taho da su. Abin da ke ci mini rai, sai a kawo yarinya bayan wata biyu ciki ya fito, ga shatar bulala a bayanta, wai an dake ta don ba ta faɗa da wuri ba, to ina za ta faɗa alhali ta san duka za ta sha?

Mai gabatarwa: Awa 72 jama'a, kwana uku, ba wanka. Na ƙarshe daga Wusasa, in kwana ukun sun wuce fa?

Sista: A kawo ta duk da haka, maganin hana ɗaukar ciki yana kai wa kwana 5, ga gwaji, ga masu kwantar mata da hankali.

Mai gabatarwa: Injiniya na ɗaga mini hannu, sauran saƙonnin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.