Ta ina manyan kuɗi ke shiga zaɓen Amurka?

A Amurka, doka ta sa wa kwamitin tara kuɗin siyasa, wato PAC, iyaka. Mutum ɗaya ba zai ba shi fiye da dala 5,000 a shekara ba, kwamitin ma ba zai ba ɗan takara fiye da dala 5,000 a zaɓe guda ba. Zaɓen fidda gwani lissafinsa daban, babban zaɓe daban.

To, miliyoyin da ake ji ta ina suke bi? A watan Janairun 2010, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Citizens United, alƙalai 5 suka rinjayi 4, cewa ba za a hana kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago kashe kuɗinsu kan tallan siyasa ba. Bayan wata biyu, wata kotun ɗaukaka ƙara ta cire iyakar gudummawa ga kwamitocin da ba sa miƙa wa ɗan takara kuɗi. Daga nan Super PAC ya samo asali. Yana karɓar ko nawa ne, da sharaɗin kada ya haɗa baki da ɗan takara.

Wannan sharaɗin shi ne inda gizo ke saƙar. Ɗan takara kan wallafa saƙon da yake so a yaɗa a shafinsa na intanet, sau da yawa cikin jan akwati, har da irin masu zaɓen da za a nufa. Super PAC ya karanta, ya shirya talla. Ba a yi waya ba, ba a zauna ba, don haka da wuya a kama kowa. Hukumar FEC mai sa ido kan kuɗin zaɓe kuma kujeru 6 gare ta, jam'iyya ɗaya ba ta wuce 3, hukunci kuwa sai da ƙuri'u 4. Shi ya sa ƙorafi kan maƙale.

Abin da ya fi damuwa shi ne ɓoye suna. Attajiri ya ba wata ƙungiyar da doka ba ta tilasta mata bayyana masu ba ta kuɗi ba, ita kuma ta miƙa wa Super PAC. A rahoto, sunan ƙungiyar kaɗai mai zaɓe zai gani.

Kuɗin dai ba sa tabbatar da nasara. Super PAC mai goyon bayan Jeb Bush, wanda ya nemi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Republican, ya tara sama da dala miliyan 100, amma Bush ya janye a Fabrairun 2016. Tasirinsu ya fi tsanani a zaɓen fidda gwani na 'yan majalisa, inda masu fitowa kaɗan ne, kuma tallan suka na makonnin ƙarshe kan zo lokacin da ɗan takara ba shi da kuɗin mayar da martani.