Jawabi a Taron Hausawa Mazauna Guangzhou: Tsamar da ke Tsakanin Chaina, Japan da Koriya

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, malamai, da ƙannenmu ɗalibai, barkanmu da ganin juna.

A gida, duk farin mutum mai ƙananan idanu "ɗan Chaina" muke ce masa. To a nan a kiyaye. Ka ce wa ɗan Koriya ɗan Japan, ko ka yi ta yabon kayan Japan a gaban mai masana'antar da kake ciniki da shi a Foshan, sai ka ga fuska ta canza, farashi ma ya ƙi sauka.

Tsohon miki ne. Japan ta mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945, ta tilasta wa mutane ɗaukar sunayen Japanawa, ta kwashi mata ta kai wa sojojinta. A Disambar 1937 sojojinta suka shiga birnin Nanjing na Chaina suka yi kisan da gwamnatin Chaina ke ƙiyasta shi da mutum 300,000. Shi ya sa duk ranar da wani babba a Tokyo ya ziyarci wurin ibadar Yasukuni, inda ake karrama har da waɗanda aka hukunta kan laifukan yaƙi, Beijing da Seoul ke tayar da jijiyar wuya. Waɗanda suka daɗe a nan sun ga 2012, lokacin rikicin tsibiran Diaoyu waɗanda Chaina da Japan ke jayayya a kansu, da aka riƙa farfasa motocin Toyota da Honda a tituna, alhali masu motocin 'yan ƙasa ne.

Kada ku zaci Chaina da Koriya kansu a haɗe yake. A 2020 an yi ta cacar baki a intanet kan wa ke da asalin kimchi, kabejin nan mai yaji. Mu da muka sha musun dafa-duka da 'yan Ghana mun san irin wannan, sai dai nasu ba ya ƙarewa da dariya.

Mu kuma a ina aka ajiye mu? Inda ake ganin hasken fata daraja ce, baƙar fata na can ƙarshen layi. Ba mu manta Afrilun 2020 ba, da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otel-otel da sunan korona, wasu suka kwana a titi, har Femi Gbajabiamila, Kakakin Majalisar Wakilan Najeriya na lokacin, ya kira jakadan Chaina a Abuja. Ban manta da maƙwabtan da suka kai wa namu abinci ba kuma.

Roƙona ga matasa musamman: faɗan nan ba namu ba ne, kada a tsoma baki a WeChat. Ranar 18 ga Satumba za ku ji jiniya, tunawa ce da mamayar da Japan ta yi wa Manchuria, arewa maso gabashin Chaina, a 1931. Ranar 13 ga Disamba ta makokin Nanjing ce. Riga mai tutar sojan Japan, wadda rana ke fitar da tsirkiya, a bar ta cikin akwati.

Sakatare, bismillah, a karanto mana maganar biza.